Sibil ko lantarki a poli: amsa ga mai shirin cike JAMB

Ƙanena, ka tambaya a zauren nan cewa kana son Kaduna Poli amma ka rasa wanda za ka cike tsakanin sibil (injiniyancin gine-gine, tituna da gadoji) da lantarki, kuma gida ba mai ƙarfi ba ne, so kake ka fara kama ɗan abin kanka da wuri. To ga ra'ayina tun daga farko: a halin da kake ciki, lantarki zan zaɓa maka. Sibil ba baya ba ne, kuɗinsa ma ya fi kauri idan ya zo, sai dai yana son haƙuri da hanya.

Ƙofar shiga ɗaya ce. Kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. ND, wato ƙaramar difloma, shekara 2 da watannin SIWES (zuwa koyon aiki a ma'aikata ana cikin karatu) a tsakiya, sai shekara 1 ta koyon aiki a waje, sannan HND, babbar difloma, shekara 2. Manhajar daga NBTE take, hukumar kula da ilimin fasaha da aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, don haka abin da za a koya maka a Kaduna shi ake koyarwa a Kazaure, Bauchi ko Birnin Kebbi. Bambancin makarantu yana cikin kayan aikin da ke ɗakunan gwaji.

A aji ne hanya take rabuwa. Karatun sibil ido yana ganinsa. Za ka ɗauki na'urar safiyo ka fita rana kana awon tudu da kwari, ka zana gini da hannu kafin a sa ka a AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta. Za a sa ku kwaɓa kankare, siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, ku zuba a ƙaramin akwati mai faɗin milimita 150, ku jiƙa shi a ruwa, ku matse shi a inji bayan kwana 7 da kuma kwana 28 don ganin nauyin da zai ɗauka kafin ya tsage. Wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba zai yarda magini ya cire katakon da ya tallafe rufin kankare bayan 'yan kwanaki ba, komai gaggawar mai gida.

Lantarki kuwa abin da kake karantawa ba ka ganinsa. Wutar da ke cikin waya sai dai mita ta faɗa maka, kuma lissafinsa ya fi shiga duhu, musamman idan aka zo wutar AC (irin wadda ake kawowa gidaje) da layi uku da taransifoma. Idan fiziks yana wahalar da kai tun a sakandare, kada ka ruɗi kanka, nan ma zai biyo ka. Sannan kuskuren ɗan sibil yakan kwanta shekaru a cikin bango kafin ya tashi, na ɗan lantarki nan take yake biya. Wutar gida ta volt 230 ma tana kisa, balle layin 11kV, wato volt dubu 11.

Yanzu maganar abinci, wadda ita ce asalin tambayarka. Sibil da kuɗin wani yake tafiya. Titi, gada, kwalbati, dam, layin dogo irin na Kano zuwa Maraɗi, duk manyan kwangiloli ne, kuma ranar da aka daina sakin kuɗi ranar ake sallamar ma'aikata. Gine-ginen unguwa da ya kamata su riƙe sabon ɗan sibil, yawancin masu su ba sa neman injiniya, magini suke ba wa komai, daga tushe har rufi. Shi ya sa yaron da mahaifinsa ko kawunsa ɗan kwangila ne, ko magini mai jama'a, nake ce masa ya rungumi sibil hannu bibbiyu, don yana da wurin da zai taka. Wanda ba shi da kowa yakan jima yana zagaye da takardu.

Ɗan lantarki yana iya farawa da jaka ɗaya: testa, filaya, mita da sukurdireba. Tun yana ND zai fara wayarin ɗin shago da ɗaki biyu a unguwa. Akwai aikin kamfanonin rarraba wuta da aka miƙa wa 'yan kasuwa a 2013, KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara, amma ban ce ka dogara da su ba. Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce sola. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, masu shago, masallatai, gidajen burtsatse da manoman rani suka fara ajiye janareta suna komawa faranti da batir. Masu haɗawa sun yi yawa, masu lissafin ne 'yan kaɗan. Batir mai volt 12 da 200Ah wutar da ke cikinsa kilowat-awa 2.4 ce, kuma idan irin na dalma da asid ɗin nan ne, rabinta kawai ya kamata a sha in ana so ya daɗe. Wanda bai san wannan ba shi ne zai ɗora wa batir firji da fankoki uku, bayan 'yan watanni mai gida ya zo yana cewa an sayar masa da jabu. Wannan ɗan lissafin shi ne zai raba ka da yaron shago.

Abu ɗaya da duka biyun suka yi tarayya a kai, gara ka ji shi tun yanzu: COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ba ta yi wa mai HND rajista a matsayin cikakken injiniya kai tsaye, a rukunin masana fasaha take sa shi, sai ya ƙara karatu. Jama'ar unguwa dai za su kira ka Injiniya tun ranar da ka sa hular kwano. A ɓangaren lantarki akwai kuma takardar shaidar haɗa wuta ta NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki, ka neme ta da zarar ka cancanta.

Kafin ka cike, ka tabbatar kwas ɗin yana da amincewar NBTE, kuma ka samu ɗaliban ND 2 ka tambaye su ko injinan ɗakin gwajinsu suna aiki. Idan lokacin SIWES ya zo, kada ka karɓi ofishin da za a sa maka hannu a littafi kana zaune. Ka nemi mai naɗin koyil ko mai haɗa sola da aiki ya yi wa yawa, ko da ba zai ba ka ko kuɗin mota ba.