PureRAW ko Denoise na Lightroom: ga wadda zan ce ka ɗauka

Ƙanena, ka tambaye ni wace manhaja za ka ɗauka tsakanin PureRAW da Denoise na Lightroom don goge yashi-yashin hotunan dare, wato ɗige-ɗigen da ke fitowa in haske ya yi ƙaranci. Ɗauki PureRAW. Sharaɗin dai kana ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba, domin duka biyun don RAW aka yi su. In har yanzu JPEG kake yi, riƙe kuɗinka, ka fara sauya saitin kyamara tukuna.

Bara bayan ƙaramar salla na yi aikin wani kamu a Yelwa, nan Garwa. Ana cikin guɗa wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, batirin filas ɗina kuma ya riga ya mutu tun wajen walima. Abin da ya rage ƙwan sola ɗaya ne a bakin ƙofa da fitilun wayoyin ƙawaye. Na ɗaga ISO na Canon 700D ɗina, wato saitin ƙara hasken hoto, zuwa 6400, na yi bisimilla na ci gaba. A cikin hotunan akwai wanda kakar amarya ta kama hannun jikarta tana duba lalle. Da na buɗe shi a gida gabana ya faɗi: fuskoki kamar an watsa musu rairayin Binuwai, inuwa duk ɗige-ɗigen ja da kore. Na zuba shi a PureRAW na je na yi sallar isha'i. Da na dawo, zanen lallen ya fito layi-layi, furannin leshin amarya sun rabu da juna, tamojin hannun tsohuwar nan kuma yana nan yadda Allah ya yi shi. Shi ne uwar amarya ta sa aka wanke babba aka sa a firam.

Wannan tamojin shi ne ma'aunina. Tsohuwar hanyar goge yashi shafe hoton take yi, yashi ya tafi, ya tafi da fata, mutum ya koma kamar 'yar tsanar roba. Mu kuwa abin ya fi shafarmu, don yashin a wurare masu duhu yake taruwa, kuma baƙar fata cikin ƙarancin haske nan take faɗawa. PureRAW, wadda kamfanin DxO na Faransa ya fitar a 2021, tana gogewa ne tun a ɗanyen fayil, daidai lokacin da take haɗa kalolin hoton, shi ya sa take bambance yashi da zaren aikin babbar riga. Tana kuma sauke bayanin kyamararka da gilashinka, ta gyara duhun gefe da lanƙwasar da gilashi mai araha yake yi. Sai ta miƙo maka DNG, wani nau'in ɗanyen fayil, ka ƙarasa gyara a manhajar da ka saba.

Denoise na Lightroom ya zo a Afrilun 2023, kuma yana aiki, ba zan yi masa ƙazafi ba. In dama kana biyan Adobe, kamfanin da ke da Lightroom, yi amfani da abinka. Ni dai haya ce ba na so: biya ba ya ƙarewa, da aiki ko babu.

Ka shirya wa nauyin PureRAW. Irin wannan manhaja katin hoto na kwamfuta take ci. A tsohuwar laftof hoto ɗaya yana iya cin mintoci, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, fanka ta yi ta kuka. DNG ɗin da take fitarwa kuma ya ninka na asali girma. Don haka kada ka zuba mata hotunan biki gaba ɗaya. Ware na dare da na cikin ɗaki, na rana ba su buƙata.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: ka kiyayi masu cewa za su sa maka ita daga filas na USB, wai an fasa makullinta. Kafin in yi hankali na ba wani jaka biyar a kasuwa ya sa mini irin wannan. Sati biyu kwamfuta ta fara abin da ban gane ba, ƙarshe sai wanke ta aka yi, hotunan suna guda biyu suka tafi, na je na ba iyayen jarirai haƙuri da bakina. Haka masu talla a WhatsApp wai Lightroom na har abada. Lightroom 6 na 2015 shi ne na ƙarshe da Adobe ta sayar kai tsaye, duk wanda ya ce zai sayar maka da sabo mai Denoise ba biyan haya, ƙarya yake.

Shiga shafin DxO da kanka ka sauke ta gwaji, kyauta ce na 'yan kwanaki. Zuba mata hotonka mafi muni, ka zuƙo fuska sosai ka duba gira da gefen ɗankwali, ka kuma ƙirga mintocin da laftof ɗinka ta ci. In ta yi maka, biyan da katin banki ne. In ba ka da shi, nemi ɗan'uwa amintacce ya biya, amma imel ɗinka za a sa, don lasisin ya zauna a sunanka.