Topkapi ko Dolmabahce: Amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce yini ɗaya rak za ku yi a Istanbul ke da Alhaji, kina tambaya wace fada ya kamata ku shiga, Topkapi ko Dolmabahce. Ni dai Topkapi zan ce, amma ga abin da ke cikin kowace.

Topkapi ita ce tsohuwar. Sarki Muhammad Fatih ya fara gina ta a 1459, shekara shida bayan ya ci birnin, sarakunan Usmaniyya suka zauna a cikinta kusan shekara 400, aka mayar da ita gidan tarihi a 1924. Farfajiya huɗu ce a jere, ana ratsa ƙofa bayan ƙofa kamar yadda ake wuce soraye kafin a kai cikin gida. A farfajiya ta uku abin da ya sa na zaɓe ta yake, wato ɗakin amanoni masu alfarma, waɗanda aka fara kawowa bayan Sarki Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Akwai alkyabbar da ake danganta wa Manzon Allah (SAW), tana rufe cikin akwatin zinariya, don haka akwatin za ki gani. Akwai takubban da ake jingina masa da na sahabbai, da tsofaffin makullan Ka'aba. Ga mai karatun Alƙur'ani zaune yana yi da murya, ana karɓeɓeniya dare da rana. Layin nan yana da tsawo kuma ɗakunan ba su da faɗi, to ku fara da shi da sassafe. Kusa da nan ne taskar sarki take, inda lu'ulu'u mai karat 86 yake, da wata wuƙa mai manyan duwatsu korra guda uku a ƙotarta.

Dolmabahce kuwa ta ado ce. Sarki Abdulmajid ya gina ta daga 1843 zuwa 1856 a bakin ruwan Bosforus, da fasalin fadojin Turai. Ɗakuna 285 gare ta, kuma fitilar ƙarau da ke rataye a babban zauren ta kai tan huɗu da rabi. A nan Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1938, agogon ɗakinsa yana tsaye a ƙarfe 9:05, lokacin da ya cika. Kyau kam ba a magana. Sai dai za a ba ki leda ki sa a takalmi, ki bi hanyar da aka shata, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki.

Idan Alhaji ƙafa tana damunsa, ku yi la'akari: Topkapi tafiya ce mai yawa a kan daɓen dutse, awa uku ba ta yi yawa ba. Dolmabahce ta fi tattaruwa wuri ɗaya, ko da yake akwai hawa bene.

Wani abin da ya ƙara rinjayar da ni shi ne maƙwabtaka. Kina fita daga Topkapi ga masallacin Aya Sofiya, gaba kaɗan ga na Sultan Ahmad, sai ku yi azahar a ɗaya, la'asar a ɗayan. Dolmabahce sai kun hau jirgin titi na T1 zuwa tashar Kabatash.

Ku duba ranar da za ku sauka: Topkapi a rufe take ranar Talata, Dolmabahce ranar Litinin.