Asibitin haƙorin da ya fara da tambayar ƙashi

An haifi 'yata mai shekara 5 da ciwon gado da likitoci ke kira osteogenesis imperfecta, wanda ke sa ƙashi ya karye a kan abin da bai kai ya kawo ba, saboda sinadarin kolajin da ke riƙe ƙashi da cikin haƙori bai ginu daidai ba. Haƙoranta sun fito ruwan toka, farin ɓawonsu yana ɓarewa, har turamenta suka cinye kusan zuwa dasashi. Dangi sun sha ɗora laifin a kan alewa, alhali yarinyar ba ta damu da zaƙi ba.

Abin da ya sa na yaba wa wani asibitin haƙori mai zaman kansa da muka je a Kano shi ne, likitar ba ta ce a buɗe baki ba sai da ta tambayi karaya nawa yarinyar ta taɓa yi, da kuma ko ana yi mata ƙarin ruwan pamidronate, wato maganin ƙarfafa ƙashi, domin irin wannan magani yana iya shafar warkewar muƙamuƙi idan an cire haƙori. Ta hana ma'aikaciyarta danne yarinyar, ta naɗe tawul ta tallafe mata wuya, sannan ta kwantar da kujerar a hankali tana ce mata, “'Yata, idan kin gaji ki ɗaga hannu.” Wanda bai taɓa ganin ɗansa ya karye daga faɗuwa a tsakar ɗaki ba, ba zai san darajar wannan tawul ba.

Ba ta cire haƙori ko ɗaya ba. Ta rufe turame 4 da hular ƙarfe, domin su daina cinyewa kuma su riƙe wa haƙoran girma wurinsu har lokacin famfara, ta kuma bayyana mana cewa ciwon ya fi tsananta a haƙoran farko.

Inda suka gaza shi ne wajen jira, domin mun shafe kusan awa 2 a ɗakin da yara ke guje-guje, ni kuwa ina kare 'yata da jikina kada a banke ta. Kuɗin hulunan ma ba kaɗan ba ne, kuma ba a faɗa mana jimillarsa ba sai bayan an gama aikin. Duk da haka za mu koma bayan wata 3, kuma na roƙi a sa mu farkon layi da sassafe.