venv, conda ko Docker: wanne za ka ɗauka wa Jupyter?

Ƙannena ɗalibai na Ngaundere da Maruwa suna ta tambayata wanne za su sa kafin su fara aiki da Jupyter, manhajar da ake rubuta Python a ciki ana ganin sakamako nan take. To ni dai ba zan ɓoye ba, venv nake so.

Asalin matsalar ita ce kowane aiki yana son nashi pandas da numpy (kayan Python na sarrafa bayanai da lissafi), in ka zuba su duka a Python guda to ranar da ka sabunta ɗaya sai tsohon aikinka ya ƙi tashi, shi yasa ake ware wa kowane aiki ɗakinsa, kuma aikin venv, conda da Docker ke nan. venv yana cikin Python tun sigar 3.3 ta 2012, ba sai ka sauke komai ba, ka buga python -m venv aiki shikenan. Duk wanda ya san yadda mega ke ƙarewa a Garwa ya san darajar wannan. Kuma in ka samu intanet mai kyau sau ɗaya ka yi pip download (pip ne ke sauke kayan Python) ka tara kayan a filas, a gida ka sa su da pip install --no-index --find-links ba tare da ko mega ɗaya ba, sai dai sigar Python da irin kwamfutar su zama ɗaya.

Ga inda na sha wuya. Na yi ɗakin, na sa pandas, na buɗe Jupyter yana ta cewa ModuleNotFoundError, kwana biyu ina fama ga aikin wani a hannuna, ashe Jupyter ɗin wani Python daban yake kallo. Ka shiga ɗakin ka sa ipykernel, abin da ke haɗa ɗakin da Jupyter, sannan python -m ipykernel install --user --name aiki, sai ka zaɓi wannan sunan a Jupyter. In kana shakka ka duba sys.executable zai nuna maka gaskiya, kuma a ciki ka riƙa amfani da %pip ba !pip ba.

conda yana da amfani in aikinka na taswira ne da GDAL ko kana haɗawa da yaren R, amma ka ɗauki Miniforge, ƙaramin kunshin conda, cikakken Anaconda ya kusa giga ɗaya. Docker ya yi wa kwamfuta mai RAM giga 4 nauyi. Colab kuwa, wato Jupyter ɗin Google na kan intanet, intanet na yankewa ba ka iya taɓa aikinka.

Yanzu don Allah ku saurara, maganar jabu ta fi duk wannan. Kowa na iya ɗora kaya a PyPI, rumbun da pip ke ɗauko kaya, ɓarayi suna sa suna mai kama da na gaske. A 2019 an kama jeIlyfish, an sa babban I a wurin l na jellyfish, yana satar makullan SSH na shiga wasu kwamfutoci daga nesa, da wani python3-dateutil alhali na gasken python-dateutil ne. Ƙarshen 2022 ma an ɗora wani jabu mai suna torchtriton. Kar ka ɗauka venv zai kare ka, ware kayan kowane aiki kawai yake yi, mugun kaya yana iya karanta duk abin da ke kwamfutarka. Ka kwafo suna daga shafin masu abin, kar ka buga da ka.

Haka masu tura manhaja a filas a kasuwa. Wani ya taɓa sa min Python wai “cikakke” ya karɓi kuɗina, abin da kyauta ne a python.org, daga ranar kwamfutar ta fara zafi tana buɗe abubuwa da kanta, sai da na goge komai na sake daga farko, aikin wata uku ya tafi.