Apollo 18: shirun fim ɗin nan ne ya hana ni barci

Wani ƙanina da ke tura finafinai a waya a nan Agege shi ya dame ni da maganar fim ɗin nan, wai Yaya sai ka kalla, wai gaskiya ce Amurkawa suka ɓoye. Na karɓa na ajiye kusan sati biyu, sai shekaranjiya da daddare bayan na dawo daga Mile 12 a gajiye, an ɗauke wuta, na sa abin kunne na kwanta na kunna.

Bari in fara da maganar ƙanin nawa. Ba gaskiya ba ce, fim ne kawai, a 2011 ya fito, Gonzalo López-Gallego ne daraktan. Abin da yake gaskiya shi ne Apollo 17 ce tafiya ta ƙarshe da mutane suka taka wata, a Disamba 1972, kuma NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta soke tafiya ta 18 da 19 da 20. To a wannan gurbin suka gina labarin, wai an yi ta 18 ɗin a ɓoye a 1974, an kuma tsinci kaset ɗin daga baya. Shi ya sa hoton yake dishi-dishi, yana rawa yana yankewa kamar tsohon bidiyon biki. Da farko ya ɗan sa min ciwon kai amma bayan kamar minti 15 na saba.

Mutum uku ne, Walker da Anderson suka sauka, Grey ya tsaya a sama yana zagayawa a kumbo. An ce musu na'urorin sa ido kan makaman Rasha za su kafa. Sai ga sawun ƙafa da ba nasu ba, suka bi suka tarar da kumbon Rashawa, sai kuma gawar mai shi a cikin wani rami mai duhu. Wallahi wajen nan na tashi zaune, saboda babu haske sai filashin kamara, ya haska ya ɗauke, ya haska ya ɗauke, kai kuma ba ka jin komai sai numfashin mutumin a cikin hular nan tasa. Mu da muke Legas kunnenmu bai san shiru ba, janareto ne, hon ɗin danfo ne, lasifikar coci da masallaci ne har asuba, to sai ga ka a wurin da ko ihu ka yi babu iskar da za ta kai shi kunnen wani. Abin ya shige ni sosai.

Dodannin kuwa ba su burge ni ba. Duwatsu ne da ke rikiɗa su zama kamar ƙaguwa ko gizo-gizo, da aka fara nuna su a fili sai tsoron ya ragu, gara da sun bar su a duhu. Kuma har yanzu ina tambayar kaina, tunda babu wanda ya dawo, wa ya kawo kaset ɗin duniya?

Inda ya fi taɓa ni shi ne lokacin da Anderson yake roƙo a dawo da shi, yana maganar ɗansa, mutumin ma'aikatar tsaro ya ce masa ba zai dawo ba. Ashe tun farko sun san akwai wani abu a can suka tura su. Duk wanda ya bar iyali a Arewa ya zo neman abinci nan zai ji wannan a ƙirjinsa, ni dai sai da na kira gida da safe.

Bai kai awa ɗaya da rabi ba, rabin farko yana da nawa sai an yi haƙuri. Kar ka kalla a cikin mota a gosulo, asarar data za ka yi, kuma kar a kunna wa yara, akwai wajen da ake ciro dutse daga jikin Walker da wuƙa.