Tsakanin live-build da Packer, ga wanda zan ce ka ɗauka

Assalamu alaikum, Malam. Ka tambaye ni wane kayan aiki za ka ɗauka don gina imej, wato cikakken tsarin kwamfuta da aka haɗa a fayil guda don a zuba wa injina, na kwamfutocin ɗakinka da kuma saba biyu ko uku da kake son ɗorawa a kilawud. Biyun da ka ambata, live-build da Packer, duk na yi aiki da su, amma ɗaya ne kawai ya zauna a ɗakin koyar da kwamfuta da nake kula da shi a nan Sakkwato, kuma shi ne live-build.

Abin da ya sa ya kwanta mini shi ne komai nasa rubutu ne da mutum zai buɗe ya karanta. Kayan aikin Debian ne, wato ɗaya daga cikin tsarukan Linux da ke tafiyar da kwamfuta, kuma duk tsarinsa yana cikin folda guda mai suna config. A ciki akwai jerin sunayen manhajojin da kake so, kowace a layinta, akwai wurin da ake ajiye fayilolin da za a kwafa cikin imej ɗin yadda suke, kamar hoton fuskar allo da saitin burauza, sannan akwai ƙananan umarnai da ake gudanarwa ana tsakiyar gini. Idan ka ba shi umarnin lb build, zai fara da debootstrap ya kafa ƙashin tsarin, ya ɗora abin da ka lissafa, ya fitar maka da imej ɗin a fayil ɗin ISO da za ka zuba a filas.

Ban san darajarsa sosai ba sai da Debian 12 ta fito a watan Yunin 2023. Na sauya sunan sigar daga bullseye, sunan tsohuwar, zuwa bookworm, sunan sabuwar, na gina, na kunna a laftof ɗaya don gwaji, sai na tarar babu wayifai ko alamarsa, alhali washegari da safe sabon rukunin ɗalibai zai fara. Da na natsu na bincika, ashe a wannan sigar an kwashe ƙananan manhajojin da ke tayar da katin wayifai da makamantansa daga sashen non-free, an ware musu sabon sashe mai suna non-free-firmware. Sunan sashen nan kaɗai na ƙara a layi ɗaya na fayil ɗin auto/config, na sake kunna gini bayan Isha'i, kafin in kwanta har na gwada ya kama. Gyaran yana nan a rubuce cikin git, manhajar da ke ajiye tarihin duk sauyin da aka yi wa fayiloli, da kwanan watansa da dalilinsa, shi ya sa da na yi tafiya daga baya, yaron da ke taimaka mini ya gina sabon imej shi kaɗai ba tare da ya kira ni ba. Wahalar wannan aiki ba a ginin farko take ba, tana zuwa ne duk bayan kimanin shekara biyu idan Debian ta fitar da sabuwar siga, a lokacin ka manta abin da ka yi da dalilin da ya sa ka yi shi.

Ga kuma batun data da wuta, wanda mu nan ba za mu raina ba. Live-build yana adana duk manhajar da ya sauko da ita a foldar cache, kuma umarnin lb clean ba ya share su sai ka ƙara masa --purge da kanka. Ni har na ɗora apt-cacher-ng a wata tsohuwar kwamfuta ta zama rumbun manhajojin da aka sauko da su, saboda haka ko an ɗauke wuta ana tsakiyar gini, lokaci kawai na yi asara.

Packer ba zan ce ba ya aiki ba. Tun 2013 kamfanin HashiCorp ya fito da shi, kuma idan kana buƙatar imej iri ɗaya a AWS da Azure da Google, wato masu ba da hayar saba (server) a intanet da ake kira kilawud, a lokaci guda, ya fi dacewa. Sai dai hanyarsa ita ce ya tayar da cikakkiyar kwamfuta ta cikin kwamfuta, ya girka tsarin, sannan ya ɗauki kwafinta, kuma idan daga ISO ya fara, shi ke danna maɓallai a allon farko yana jiran daƙiƙun da ka ƙayyade masa. Tsohuwar laftof ɗina idan ta ji zafin Afrilu takan rage gudu, sai dannawar ta riga allon, ginin ya tsaya cak. Idan a kilawud yake gini kuma, da dala ake lissafin lokacin da sabar ta yi a kunne. A watan Agustan 2023 an sauya lasisinsa zuwa BSL, lasisi mai wasu sharuɗɗa kan amfani da shi a kasuwanci, wanda bai hana irinmu amfani da shi ba, amma ya kamata ka sani.

Game da saba biyu ko uku da kake son ɗorawa a kilawud, kada ka matsa wa live-build, don ba aikinsa ba ne, ita kanta Debian da wani kayan aiki na daban da aka ɗora kan FAI, wata manhajar girka tsari kai tsaye, take gina nata imej na kilawud. Ka ɗauki imej ɗinta na genericcloud da ta riga ta gina, ka rubuta fayil ɗaya na cloud-init wanda zai buɗe asusu, ya sanya mabuɗin SSH na shiga sabar daga nesa, ya girka manhajojinka a kunnawar farko, ka ajiye shi a git ɗaya da na kwamfutocin ɗakin.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin na ƙone. Kafin duk wannan na taɓa biyan wani mutum ya kawo mini imej da ya ce ya gama haɗa komai. Ashe kwamfutarsa ya gyara da hannu ya kwafe ta, babu rubutun gini ko layi ɗaya. Duk injinan da muka zuba wa suka tashi da machine-id ɗaya, wato lambar da ya kamata ta bambanta kowane inji, da mabuɗan SSH iri ɗaya, ga kuma wani asusu mai cikakken iko da ba mu san kalmar sirrinsa ba. Da na nemi ƙaramin gyara sai ya yanka sabon kuɗi. Filas ɗin da ya haɗo da shi ma girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne, da ya cika rabi sai fayiloli suka fara lalacewa. Duk ISO da aka ce na Debian ne da ya shigo hannunka, ko daga wa ya fito, ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar tantance cewa ba a taɓa fayil ɗin ba, da wadda Debian ta wallafa kafin ka kunna shi.

Saboda haka ka ɗauki live-build don kwamfutocin ɗakin, ka fara da Debian 13 da ta fito a Agustan 2025, ka bar cloud-init ya ji da sabobin. Idan kuma wani za ka ba aikin, ka riƙe cikon kuɗinsa har sai ya miƙa maka foldar config ɗin, ya kuma gina imej ɗin daga ita a kan kwamfutarka kana kallo.