Sharhi: Zagayen ƙasa a cikin jirgin yaƙin Lancaster a East Kirkby

Duk mai niyyar biyan kuɗin shiga wannan tsohon jirgin jefa bama-bamai na Birtaniya ya fara sanin cewa jirgin ba ya tashi sama. Ana tayar da injinansa huɗu, ya yi tafiya a kan ciyawa, ya juyo, a ba shi wuta ya yi ruri, sannan a kashe. Tafiyar kanta ba ta kai rabin awa ba, kuɗin kuwa ɗaruruwan fam ne. Duk da haka, a ganina ya cancanci kuɗinsa, amma ga wanda ya je don ya fahimci jirgin, ba don shan iska ba.

Wurin shi ne gidan tarihin jirage na Lincolnshire Aviation Heritage Centre, a tsohon sansanin sojan sama na East Kirkby da ke gabashin Ingila, inda runduna ta 57 da ta 630 na sojan saman Birtaniya suka riƙa tashi zuwa Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Hasumiyar kula da jirage ta wancan zamani tana nan tsaye. Jirgin Avro Lancaster ne mai lamba NX611, wanda ake wa laƙabi da Just Jane. Kamfanin motoci na Austin ne ya ƙera shi a 1945, aka tanade shi don yaƙin Japan, sai yaƙin ya ƙare bai je ba. Sojan ruwan Faransa suka karɓe shi a 1952, ya yi sintiri har tsibirin New Caledonia, ya komo Ingila a 1965, kuma rabonsa da tashi tun 1970. 'Yan'uwa biyu manoma, Fred da Harold Panton, suka saye shi a 1983 don tunawa da yayansu Christopher, wanda ya mutu a harin da jiragen Birtaniya suka kai birnin Nuremberg na Jamus a Maris 1944. Daga cikin Lancaster 7,377 da aka ƙera, 17 ne suka rage, biyu kacal ke tashi: ɗaya a Coningsby, nan kusa, ɗaya a Hamilton ta Kanada.

Bayan an yi wa fasinjoji bayanin tsaro, ana shiga ta wata 'yar ƙofa a gefen dama, kusa da wutsiya. Daga waje jirgin ƙato ne, faɗin fikafikansa mita 31. Daga ciki kuwa lungu ne mai duhu, mai warin mai da tsohon fenti, ga ƙarafa ta ko'ina suna jiran goshin wanda bai sunkuya ba. Dalili shi ne an ba wa bama-bamai wuri mafi kyau: rumbunsu ya kai mita 10 a ƙarƙashin ƙafafunka, ma'aikatan jirgin su bakwai kuma suka raba abin da ya saura.

Inda darasin yake shi ne babban ƙarfen da ya riƙe fikafikan biyu. Ya ratsa tsakiyar jirgin kamar katanga, kuma duk mai zuwa gaba sai ya haura shi. Da rana, jirgi na tsaye, mutum na sanye da riga mara nauyi, sai ya dafa ya ɗaga ƙafa da ƙyar. To a ƙiyasta yin haka cikin dare, da kayan sanyi masu kauri, jirgi na ci da wuta yana juyawa. Ƙofar tsira da ke ƙarƙashin hanci ba ta wuce faɗin inci 22 da tsawon inci 26 da rabi ba, ga mutum ɗauke da laimar sauka. Maharbin baya ma laimarsa a wajen kejin bindigar da yake zama a ciki ake ajiye ta, don babu wurinta a ciki. Sai ya buɗe ƙofa ta bayansa ya miƙa hannu ya ɗauko. Shi ya sa a cikin waɗanda aka harbo a Lancaster, kusan 15 cikin 100 ne suke fita da rai, alhali a Halifax, wani jirgin jefa bama-bamai na Birtaniya, sun kai kusan 25. Na daɗe da sanin waɗannan alƙaluma a takarda, amma haura ƙarfen nan ne ya fassara mini su.

Tayar da inji shi ne abin da ya fi burge ni. Kowane injin Rolls-Royce Merlin silinda 12 gare shi, lita 27, da fulogi biyu a kowace silinda, wato fulogi 96 a jirgi ɗaya. Akan fara da injin ciki na dama, domin shi ke juya famfon iskar da birki ke aiki da ita. Farfela ta juya a hankali, salansa ta yi tari da hayaƙi, sai inji ya kama, jikin jirgin duka ya ɗauki rawa. Idan huɗun suka haɗu, magana ba ta yiwuwa. Kafin a motsa, matuƙi kan kashe maganeto, wato na'urorin da ke ba fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya yana kallon agogon gudun inji. Idan allura ta faɗi fiye da ƙima, akwai fulogin da ba ya ba da wuta. Matuƙi ɗaya ne, ba shi da mataimaki. Injiniya ne ke gefensa a kan 'yar kujera mai naɗewa, yana lura da mai da zafi.

Jirgin ba shi da sitiyarin ƙasa. Tayar wutsiya sake take, tana bin inda aka ja ta. Ana juya shi ne da birkin gefe ɗaya da kuma ƙara wa injin waje na ɗaya gefen wuta, shi ya sa za ka riƙa jin birki na huci a kowace kwana. Wanda ya sami kejin maharbin baya shi ya fi jin wannan lilo, wanda ya tsaya bayan matuƙi kuma shi ya fi ganin aiki. In da hali, a nemi gaba.

Kada a ɗauka tafiyar ƙasa hutu ce ga inji. An ƙera Merlin ne don iskar sama ta riƙa ratsa lagiretonsa. A ƙasa iska ba ta isa, ruwan sanyaya inji kan yi zafi da wuri, kuma dogon aiki a ƙaramar wuta yana sa dalmar da ke cikin man jirgi ta toshe bakin fulogi. Saboda haka gajartar zagayen ba rowa ba ce.

Abin da ya sa ban ga tsadar ba shi ne inda kuɗin ke zuwa. Burin masu wurin shi ne jirgin ya sake tashi, kuma duk lokacin hunturu ana shigar da shi rumfa a kwance wani ɓangare. Babban abokin gaba shi ne tsatsar alminiyon, wadda ke cin ƙarfe daga ciki har ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, galibi a inda ruwa ya kwanta ko inda ƙarfe iri biyu suka haɗu. Tsofaffin ƙusoshin ribiti masu haɗin maganiziyam su ma sun ruɓe, dole a huda su ɗaya bayan ɗaya a sa sababbi, dubbai a kan dubbai. Dabarar da suka yi ta burge ni: sun aro ɓangaren baya na wani Lancaster da fiffiken wani da ke Faransa, suka gyara su, domin a ɗaura wa Just Jane ya ci gaba da zagaye yana kawo kuɗi, yayin da ake gyara nasa na asali zuwa matsayin da hukumar sufurin sama za ta yarda da shi. Aikin shekaru ne, kuma kowane ƙarfe sai da takardar shaidarsa.

Akwai abin da rurin inji kan sa a manta. A yaƙin, rundunar Bomber Command, wato sashen jiragen jefa bama-bamai na sojan saman Birtaniya, ta rasa mutum 55,573 daga cikin kusan 125,000, yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Jiragen nan kuma suna cikin waɗanda suka ƙone biranen Jamus na Hamburg a 1943 da Dresden a 1945, inda dubban fararen hula suka hallaka. Wanda ke son jin ɓangarorin biyu ya haɗa da ziyarar cibiyar tunawa da rundunar, International Bomber Command Centre, da ke birnin Lincoln, wadda aka buɗe a 2018.

Guraben zagayen kan cika watanni kafin lokaci, don haka a kama wuri da wuri, a kuma tabbatar da ranar kafin a sayi tikitin tafiya. A sa takalmi mara santsi da tufafin da ba su da yalwa, domin babbar riga za ta maƙale a ƙarfe. A toshe kunne sosai. Mai ciwon gwiwa ko ciwon baya ya faɗa tun wajen rajista, saboda haura ƙarfen tsakiya. Wurin ƙauye ne, mota ta fi sauƙi, kuma filin buɗaɗɗe ne mai iskar sanyi ko da a watan Yuli. Wanda kuɗin zagayen ya yi masa yawa, ya biya kuɗin shiga kawai a ranar da ake tayar da jirgin. Daga bakin shinge zai ga tashin injinan huɗu ɗaya bayan ɗaya, abin da na ciki ba ya gani duka.